Baƙin Mai Da Tsohuwar Jif: Abin Da Kwamitin Mota Ya Kamata Ya Sani

Saƙonni da dama sun zo mana daga ƙauyuka a kan magana guda. Ikilisiya ta tara kuɗi, ko ƙungiyar manoma, ko kwamitin ƙaramin asibiti, an shigo Kano an sayi tsohuwar jif, an koma gida da ita ana murna. Bayan shekara ɗaya sai inji ya fara hayaƙi, ko ya fara ƙara kamar ana daka a turmi. Daga nan sai a jingine ta a gindin ɗorawa, kaji su mai da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Ba mu ga laifin masu sayen jif ba. Wanda ya san hanyoyin cikin Sumaila, Rogo, Tudun Wada ko Doguwa a watan Agusta ya san ƙaramar mota ba ta kai mara lafiya asibiti. Amma sau da yawa idan muka bi sawun motar da ta mutu, sai mu tarar ba hanya ce ta kashe ta ba. Baƙin mai ne.

Mun ga wannan da idonmu a wani ƙauye da muke aiki. Jama'a sun haɗa kuɗin kaka biyu suka sayi jif mai silinda takwas daga wani gida a Nassarawa. Motar lafiyarta ƙalau. Direban yaro ne mai hankali, sai dai ba wanda ya taɓa zama ya koya masa. Idan lokacin juye ya yi, yakan sayi mai a kasuwar mako daga wata jarka marar suna, domin ya fi araha, kuma ba a taɓa canza filta ba. Wani dare an ɗauko mace mai naƙuda, jar fitilar mai ta kama a hanya. Ya ce bari ya lallaɓa ya kai. Bai kai ba. Inji ya buga, aka ƙarasa da matar a kan babur. Ta sauka lafiya, amma kuɗin wani injin ya fi ƙarfin kwamitin, motar kuwa tana nan a ajiye har yau.

Daga ina motar ta fito?

Nassarawa unguwar manya ce tun zamanin Turawa. A can Gidan Gwamnati yake, da gidajen attajirai da na manyan ma'aikata, da ofisoshin kamfanoni da ƙungiyoyi. Wanda ya bi Ahmadu Bello Way, ko Sultan Road, ko Audu Bako Way, zai ga Land Cruiser, Prado, Lexus, Pajero da Range Rover suna shiga suna fita. Idan mai gida ya sayi sabuwa, ko ofis ya yi gwanjo, tsohuwar takan faɗo hannun dillalai. Wasu kuma shigo da su aka yi da ma sun yi aiki a Amurka, Turai ko ƙasashen Larabawa. Su ne ake ce wa Baljiyam ko 'yar Kwatano, ko da yake a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Sunan ne ya zauna.

Dillali zai ce, "Motar babban gida ce, ba ta sha wahala ba." Gaskiya ne jikinta bai sha rami ba. Amma mu tuna yadda irin wannan mota take rayuwa. Daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa makarantar yara, tafiyar minti goma, inji bai gama ɗaukar zafi ba an kashe shi. Ko kuwa direba ya tsaya a ƙofar gida awa biyu inji yana aiki domin na'urar sanyi, ana jiran mai gida ya fito. Agogon ƙirga tafiya ba ya ƙirga waɗannan awoyi, amma baƙin mai yana ƙirga su. Gajerun tafiye-tafiye suna barin raɓa da ɗanyen fetur a cikin mai, su haɗu da dauɗa su zama wani abu mai kama da kwalta. Shi kansa agogon ma ba abin dogaro ba ne ƙwarai, domin akwai masu mai da shi baya.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, a buɗe murfin da ake zuba mai a haska tocila ciki. Ƙarfe mai launin zinariya ko ruwan ƙasa alama ce mai kyau. Idan aka ga baƙin abu ya daskare a bayan murfin da kan ƙarafan ciki, an daɗe ana cutar injin. Idan aka ga wani abu fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa yana shiga mai. A tayar da motar da sassafe kafin kowa ya taɓa ta, a saurara, a kuma dubi salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne yake ƙonewa. A tafi da makaniken da kwamiti ya sani, ba wanda dillali ya kawo ba.

Aikin da baƙin mai yake yi

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mai santsi ne kawai. Ya fi haka. A cikin inji ƙarfe yana juyawa a kan ƙarfe sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya, tsakaninsu kuwa akwai tazarar da ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Famfon mai yana tsotso shi daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ta cikin wata 'yar rariya, ya tura shi ta filta, ya cusa shi cikin wannan tazara, har ƙarafan su riƙa shawagi ba tare da sun taɓa juna ba. Mai kuma yana kwashe zafi daga fistin, yana wanke dauɗa ya riƙe ta har ranar juye, yana kashe tsamin da ƙonewar fetur ko gas take haifarwa, yana kuma toshe tsakanin ringi da bangon silinda.

Ba ɗanyen mai kaɗai ke yin duk wannan ba. Akwai sinadaran da kamfani yake zubawa a ciki, su ne suke wanki da kashe tsami da hana kumfa. Waɗannan sinadarai suna ƙarewa kamar yadda sabulu yake ƙarewa. Shi ya sa mai zai iya zama da santsi a yatsa alhali ya riga ya mutu. Gwajin yatsa da muke gani a gareji ba ya nuna kome.

Lambobin da ke jikin galan

A jikin kowane galan na gaskiya akwai rubutu iri biyu da ya kamata mai saye ya iya karantawa.

Na farko shi ne na kauri, kamar 5W-30, 15W-40 ko 20W-50. Wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka mai suna SAE ce ta tsara shi. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man yake gudu lokacin da inji yake da sanyi. Idan lambar ƙarama ce, man yana saurin kaiwa saman inji da zarar an murɗa makulli. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa lokacin da ya yi zafi, a digiri 100. Wato 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne a kan hanya, da safe ne suke bambanta. Man da aka rubuta masa SAE 40 kaɗai ba shi da wannan fuska biyu. Da sanyi yana da nauyi ƙwarai. Ya dace da wasu injinan niƙa da tsofaffin manyan motoci, amma ba da jif ta zamani ba.

Na biyu shi ne na daraja, wanda ke farawa da API. Harafin S na injin fetur ne, C kuma na injin gas. Harafi na biyu yana ci gaba da shekaru. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A injin fetur sabon harafi yana ɗaukar aikin tsoho, amma tsoho ba ya ɗaukar aikin sabo. Motar da littafinta ya ce SL za ta sha SN lafiya. Wadda aka ce SN, kada a ba ta SF ko SG, waɗanda har yanzu ana ganinsu a kasuwa domin tsofaffin motoci da babura. Motocin Turai kuma suna da nasu ƙarin sharaɗi. Mercedes ML ko GL mai fetur, alal misali, tana neman man da aka rubuta masa MB 229.5 a bayan galan.

Maganar "Najeriya akwai zafi, a zuba mai kauri"

Nan ne gardama take, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kusan kowane gareji za a ce 20W-50 ne man ƙasarmu, wai mai ruwa-ruwa na ƙasar ƙanƙara ne. Ba mu raina makanikanmu ba. Maganarsu tana da tushe. A zamanin Peugeot 504 da tsofaffin Land Rover, injuna suna da faɗin tazara a ciki, littattafansu ma 20W-50 suke nema a ƙasa mai zafi. Wanda ya koyi aiki a hannun ubangidan da ya koya a kan 504, abin da ya gada ke nan.

Amma injuna sun canza. Yawancin jif-jif na fetur da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 suna da tsarin da Toyota ke kira VVT-i, wanda ke sauya lokacin buɗewar bawul da ƙarfin matsin mai, ta cikin 'yan hanyoyi ƙanana masu rariya kamar ta tankaɗe. Mai nauyi yana jinkirin isa wurin. Da safe, musamman a hunturu lokacin da sanyin Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13, sai saman inji ya yi 'yan daƙiƙoƙi yana aiki a bushe. Ƙarar nan ta "kar-kar-kar" da ake ji idan an tayar da mota, ita ke nan. Kowace safiya ana ɗan cin ƙarfe.

Game da zafi kuwa, ko a Afrilu da rana take kai digiri 40, ko a Janairu, injin da yake da lafiya yana aiki ne a zafi kusan ɗaya, domin lagireto da tamostat ne suke daidaita shi. Mai a ciki yana wajen digiri 90 zuwa 110. Zafin gari yana ƙara wani abu, ba mu musa ba, amma bai kai a tsallake daga 30 zuwa 50 ba. Tunda maganar ta zo, mu faɗa: al'adar cire tamostat a jefar ba ta taimakon inji. Tana sa ya daɗe bai ɗauki zafi ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, ragowar ya gangara cikin baƙin mai ya tsinke shi.

To, me za a zuba? A fara duba murfin mai, sau da yawa an rubuta a kansa. Sai littafin motar, idan ya ɓata ana samunsa a intanet da lambar shasi. Lexus LX 470 da GX 470 da Land Cruiser 100 mai V8 na fetur, wanda aka yi daga 1998 zuwa 2007, 5W-30 aka rubuta masu, kuma suna shan lita shida zuwa bakwai. Prado mai V6 na lita 4.0 da aka fara a 2002, shi ma 5W-30 ne. LX 570 da GX 460 da suka fito daga Amurka an rubuta masu 0W-20 ko 5W-20. Sai dai littattafan irin waɗannan injuna da aka buga domin ƙasashen Larabawa suna ba da zaɓi mai faɗi, kuma littafin Amurkan kansa ya yarda cewa mai ɗan kauri zai fi dacewa idan mota tana ɗaukar kaya mai nauyi ko tana gudu mai yawa. A ganinmu, motar da take ɗaukar mutum tara da buhun masara a cikin yashi, 5W-30 mai kyau ya dace da ita. Injin da ya tsufa ya fara ɗan shan mai, ana iya hawa mataki ɗaya zuwa 5W-40 ko 10W-40. Mataki ɗaya, ba biyu ba. Shi 20W-50 a bar wa tsofaffi irin Land Cruiser 80 mai fetur da Pajero na shekarun 1990, idan littafinsu ya ambace shi.

Range Rover sai a yi hattara. Mai injin lita 5.0, wanda ya fara fitowa wajen 2010, ba shi da sandar awon mai ko kaɗan. A allon gaban direba ake duba mai, bayan mota ta tsaya a wuri mai daidai ta huta. Yana neman mai marar kauri na musamman, sarƙar taimin ɗinsa kuma ba ta haƙuri da mai mai dauɗa. Mota ce mai daɗin shiga, amma idan kwamiti bai riga ya saya ba, shawararmu ita ce a nemi wadda makaniken garinku ya san cikinta, wadda kuma za a sami kayanta a Ƙofar Ruwa ba tare da an aika Legas ba. Kujerar fata ba ta fitar da mota daga taɓo.

Akwai masu tsoron man sintetik, wai yana sa yoyo. Ba ya huda roba. Abin da yake yi shi ne wanke dauɗar da ta toshe inda roba ta riga ta tsage, sai yoyon ya bayyana. Ya fi jure zafi, ya kuma fi tsada. Idan kuɗi bai kai ba, mai na gama-gari mai daraja daidai da kauri daidai, wanda ake juyewa a kan lokaci, ya fi sintetik da aka bari ya wuce wa'adi. Robar nan ta "tiritimen" mai kaurin zuma da ake ƙarawa kuwa, tana rage ƙara na 'yan makonni ne, ba ta mai da ƙarfen da ya cinye.

Motocin gas

Injin gas nasa daban ne, domin yana zuba toka da tsami a cikin mai fiye da na fetur. Man injin gas yana yin baƙi cikin kwana biyu, wannan ba laifi ba ne, alama ce yana aikinsa. Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4.2, wanda ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna amfani da shi tun 1990, da Pajero mai 4M40, 15W-40 mai darajar CH-4 ko CI-4 ya ishe su. Su 1HZ suna shan wajen lita goma, a sa wannan a lissafi kafin a saya.

Gas ɗin da muka daɗe muna saye yana da farar wuta da yawa a ciki. Shekaru da dama dokar Najeriya ta yarda har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10 tun 2009. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu a sauko zuwa 50, a 2024 kuma matatar Ɗangote ta fara sayar da nata gas. Amma wanda yake saye daga jarka a bakin hanya bai san abin da aka ba shi ba. Farar wuta idan ta ƙone ta haɗu da raɓa takan zama tsami mai cin ƙarfe, shi ya sa ba a jan lokacin juye a motar gas. Motocin gas na Turai na baya-bayan nan kuma suna da matatar hayaƙi a salansa, suna neman mai mai ƙarancin toka wanda aka rubuta masa ACEA C3 ko makamancinsa, ba sa kuma jure gas mai dauɗa.

Masu Prado ko Hilux mai injin 1KD na lita 3.0, ga wani abu da ya kamata ku sani. 'Yan wasar da ke ƙarƙashin nozul sukan saki, hayaƙi ya shiga cikin mai, ya daskare ya toshe rariyar famfo, inji ya mutu da ƙishi alhali kasko cike yake. Ranar juye a sa makanike ya haska tocila ta ramin da mai ya fita ya dubi rariyar. Duk injin da yake da turbo kuma, idan an dawo daga doguwar tafiya a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin kada mai ya ƙone a cikin turbon.

Jabu

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin galan ya tashi ƙwarai, masu jabu suka sami kasuwa. Wasu ɗanyen mai marar sinadari suke ɗurawa. Wasu tsohon mai suke tacewa su zuba a galan na gaskiya da suka saya daga gareji. Ido ba ya iya bambantawa.

Kamfanonin da suke haɗa mai a ƙasar nan suna da yawa, akwai TotalEnergies, Mobil, Conoil, MRS, da Ammasco da ke nan Kano, da wasunsu. Ba mu tallata wa kowa. Abin da muke cewa shi ne a saya a gidan mai na kamfanin ko wurin dilansa, a karɓi rasit. A duba hatimin murfi, da lambar rukuni da ranar da aka yi, da alamar hukumar SON. Idan farashi ya yi ƙasa da na gidan mai sosai, a bar shi. Mutumin kwamiti ya tsaya a buɗe galan a gabansa, a zuba a gabansa. Idan an gama a huda galan ɗin ko a tafi da shi gida, kada ya koma kasuwa. Filta ma akwai jabunta, mai sauƙi a hannu kamar gwangwanin madara, takardar cikinta tana yagewa. Araha a nan ba ta ado.

Yaushe za a juye?

Littattafan Amurka da Turai sukan ce kilomita 10,000 ko 15,000. Wannan lissafin kwalta ne da iska mai tsabta. Littattafan nan dai suna da wani shafi na aiki mai tsanani: hanyar ƙura, jan kaya, gajeriyar tafiya, tsayuwa inji yana aiki. Duk rayuwar motar ƙauye tana cikin wannan shafi. Mu abin da muke bi shi ne kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, kuma kowane juye da sabuwar filta. Motar da ba ta fita sosai ma a juye mata bayan wata shida. A lura, motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Kilomita 5,000 mil 3,100 ne kawai. Direbobi da yawa sun ruɗe a nan.

Ranar da aka kawo mota gida, kada a yarda da maganar "yanzu aka yi mata sabis". A juye. Idan an ga dauɗa a ciki, ba mu ba da shawarar a wanke inji da kananzir ko gas ko ruwan wanki mai ƙarfi ba, domin dauɗar takan ɓalle gaba ɗaya ta toshe rariya. Gara a juye sau biyu ko uku a kusa-kusa, bayan kowane kilomita 1,500 ko 2,000. Idan abin ya yi yawa, a kwance kaskon a wanke da hannu.

Ƙurar hunturu, wadda iska take kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta fi gari laushi, kuma tana cin ƙarfe kamar sanfefa. Abin da ke tsare inji daga gare ta shi ne matatar iska. A buɗe ta kowane mako a hunturu, a kaɗe ta a hankali, a haska ta a rana. Idan an ga huji ko bakin robarta ya saki, a canza. Kada a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Man da ya fi kowane tsada ba zai ceci injin da yake shaƙar ƙasa ba.

Da damina kuma ruwa ne. Idan mota ta ratsa rafi har ruwa ya kai tsakiyar taya ko ya wuce, a duba mai washegari. Ba na inji kaɗai ba. Aksul na gaba da na baya, da ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafu huɗu, kowanne yana da nasa mai, kuma aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan tsotsi ruwa. Man da ya koma launin madara a zubar da shi nan take. Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murɗa makulli, a jawo motar.

Aikin kowace safiya

Kafin a tayar da mota, tana tsaye a wuri mai daidai, direba ya zaro sandar awo, ya goge da tsumma mai tsabta, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Cikawa fiye da alamar sama ba alheri ba ne, ƙarfen da ke juyawa yana kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Ya leƙa ƙasa ya ga ko akwai ɗigo. Ya tayar, ya jira rabin minti, ya tashi a hankali. A ajiye lita ɗaya ta irin man da ke ciki a bayan mota.

Jar fitila mai hoton buta ba cewa take yi mai ya ragu ba. Cewa take yi mai ya daina isa inda ake bukatarsa. Idan ta kama ana tafiya, a kauce a kashe inji nan da nan, ko wa aka ɗauko. Minti biyu sun isa su gama da inji. Idan an duba mai ya yi ƙasa, a ƙara a gwada. Idan mai yana nan fitilar kuma ba ta mutu ba, a nemi wata motar. Kwamiti ya faɗa wa direba wannan a fili tun kafin ranar ta zo, domin ya san ba wanda zai zarge shi idan ya tsaya.

A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta a ajiye a aljihun mota. Kowane juye a rubuta rana, da lambar agogo, da sunan mai da kaurinsa, da lita nawa, da wanda ya tsaya a wurin. Ma'aji ya riƙa dubawa kowane wata. Duk wanda ya ɗauki motar, ko na biki ko na kai amfanin gona, a cire wani abu daga kuɗin da ya biya a sa a asusun juye daban, kada a haɗa shi da kuɗin fetur, domin fetur yana cinye duk abin da aka ajiye kusa da shi.

Saura tsohon man da aka juye. Mun san ana shafa wa dabbobi domin kaska, ana zubawa a masai, wasu har a kan gyambo suke sawa. A daina. Yana ɗauke da guba da ƙurar ƙarfe, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yawan taɓa fata da shi yana kawo ciwon daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya zai iya ɓata ruwa galan miliyan ɗaya. Kada a zubar kusa da rijiya, ko rafi, ko fadama. A tara shi a jarka mai murfi inda yara ba sa kaiwa, a rubuta a jikinta, a mai da shi gidan man da aka sayi sabon ranar da motar za ta shigo gari. Wanda ya yi juyen kuma ya wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.